WUTA BA TA TAFIYA SAI DA HANYAR KOMAWA

Darasi a kan wutar lantarki daga Sashen Kimiyya

GABATARWA

Wannan darasi mun shirya shi ne domin ɗalibai, amma muna roƙon iyaye da 'yan ikilisiya waɗanda littafin nan zai shiga hannunsu su ma su karanta, gama maganar ta shafi kowane gida.

Akwai wani abin mamaki da malaman kimiyya sukan lura da shi. Ɗalibi yakan ji tsoron tambayar lantarki a jarrabawa saboda lissafinta, amma idan ya koma gida sai ya tura tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana, ko gezau. Abin da bai kamata a ji tsoronsa ba shi ake tsoro, abin da ya kamata a ji tsoro kuwa shi aka raina. Duka biyun daga rashin fahimtar doka guda ɗaya suke fitowa, wato wutar lantarki ba ta tafiya sai ta sami hanyar komawa inda ta fito. Wanda ya riƙe wannan doka zai gane yadda tocila take kamawa, zai iya lissafin jarrabawa, zai kuma san dalilin da ya sa wuta take kashe mutum ta bar tsuntsu.

MENE NE YAKE GUDU A CIKIN WAYA?

Kowane abu da Allah ya halitta, ƙarfe ne ko ruwa ko jikin mutum, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai cibiya mai caji irin na tarawa (+), kewaye da ita kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu caji irin na ɗebewa (−), sunansu ilektiron. Wani masani ɗan Ingila, J. J. Thomson, shi ne ya gano ilektiron a shekarar 1897.

A cikin ƙarafa irin su jan ƙarfe da alminiyam, waɗansu ilektiron ba a ɗaure suke ba, suna iya tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Idan aka sami abin da ya tura su duka suka nufi gefe guda, to, wannan tafiya tasu ita ce kwararar lantarki. Abubuwan da suke barin ilektiron su wuce muna kiransu masu ba da hanya. A cikin roba, da gilashi, da tangaran, da busasshen itace kuwa, ilektiron a ɗaure suke tamau, saboda haka muna kiransu masu hana hanya. Shi ya sa ake yin cikin waya da jan ƙarfe, a lulluɓe bayanta da roba.

Ku lura da wannan da kyau: batir ba ya ƙera ilektiron. Tun kafin a haɗa batir, waya cike take da su. Aikin batir turi ne kawai. Kuma tafiyarsu ba ta da sauri, a cikin wayar gida sau da yawa ba sa cin ko milimita ɗaya a daƙiƙa. To, me ya sa fitila take kamawa nan take da an taɓa makunni? Ku dubi sarƙar keke. Da zarar an taka feda, ƙafar baya ta juya, ba sai haƙorin sarƙar da yake gaba ya iso baya ba, domin dukan sarƙar tare take motsi. Haka ilektiron suke a cikin waya.

DA'IRAR LANTARKI

Sarƙar keke ba ta da amfani idan ta tsinke, dole ta zama zagayayya. Haka ma hanyar lantarki. Wannan zagayayyar hanya ita muke kira da'ira, kuma kowace da'ira tana da abubuwa huɗu:

1. Mai turi, kamar batir ko janareta.
2. Hanya, wato wayar zuwa da wayar komawa.
3. Mai cin wuta, kamar ƙwan fitila, ko fanka, ko rediyo.
4. Makunni, wanda yake haɗa hanyar ko ya yanke ta.

Ku buɗe tocila ku gani. Kan batir yana taɓa gindin ƙwai, gindin batir kuma yana taɓa wata lanƙwasasshiyar waya a murfi, daga nan wani siririn ƙarfe ya bi jikin tocilar ya koma gefen ƙwai. Idan aka danna makunni, sai siririn ƙarfen ya haɗu, da'ira ta cika, ƙwai ya kama. Idan tsatsa ta ci wayar murfin, ko da batir sabo ne fil, tocila ba za ta kama ba, domin an rufe hanyar komawa.

A zanen littafi, akan nuna kwarara tana fita daga kan batir mai alamar (+) ta zagaya ta koma gindi mai alamar (−). Masana sun yi wannan yarjejeniya tun kafin a gano ilektiron, daga baya aka ga ashe ilektiron akasin haka suke tafiya. Ba a canja yarjejeniyar ba, kuma ba ta ɓata lissafi. A jarrabawa ku bi ta yadda take.

MA'AUNAI UKU

Domin a fahimci ma'aunan lantarki, mu ɗauki misalin tankin ruwa da bututu. Idan tanki yana can sama, ruwa yakan fito da ƙarfi. Idan bututu yana da faɗi, ruwa mai yawa yakan wuce. Idan kuwa bututun siriri ne ko ya toshe da laka, sai ruwan ya riƙa ɗiga.

Na farko shi ne ƙarfin turi, daidai da tsayin tanki. Ana auna shi da bolt, ana rubuta shi da harafin V. An ba shi sunan Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a shekarar 1800. Batirin tocila bolt 1.5 ne, na mota bolt 12, wutar gida a Nijeriya kuwa wajen bolt 230.

Na biyu shi ne yawan kwarara, daidai da yawan ruwan da yake wucewa a daƙiƙa. Ana auna shi da ampiya, daga sunan André-Marie Ampère na Faransa, ana rubuta shi da harafin I. Ampiya ɗaya tana nufin ilektiron fiye da biliyan 6 sau biliyan suna wucewa ta wuri guda a kowace daƙiƙa.

Na uku shi ne turjiya, daidai da ƙuncin bututu. Ana auna ta da om, daga sunan Georg Ohm na Jamus, ana rubuta ta da harafin R. Doguwar waya ta fi gajeriya turjiya, siririya kuma ta fi kakkaura.

Sai dai misalin ruwa yana da iyaka. Idan aka yanke bututu, ruwa yakan zube a ƙasa. Idan aka yanke waya kuwa, lantarki ba ya zubewa, tsayawa yake yi cak yana jira. Turin yana nan a bakin wayar, duk abin da ya zo ya ba shi hanya zai bi ta cikinsa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

DOKAR OHM

Ohm malamin makaranta ne a birnin Kolon lokacin da ya yi gwaje-gwajensa. A shekarar 1827 ya bayyana dangantakar da take tsakanin ma'aunan nan uku:

V = I × R

Ma'ana, idan aka ƙara turi, kwarara takan ƙaru. Idan aka ƙara turjiya, kwarara takan ragu. Mai neman kwarara sai ya raba turi da turjiya, I = V ÷ R. Mai neman turjiya kuma sai ya raba turi da kwarara, R = V ÷ I.

Misali: tocila tana da batir biyu, kowanne bolt 1.5, an jera su kai da gindi, jimla bolt 3. Turjiyar ƙwanta om 10 ce. Kwarara nawa ce? I = 3 ÷ 10 = ampiya 0.3.

Gaskiya ne turjiyar ƙwai mai zare tana ƙaruwa idan zaren ya yi zafi, amma a misalanmu za mu ɗauka tana nan yadda take domin sauƙin lissafi.

HAƊI IRI BIYU

Idan masu cin wuta sun fi ɗaya, akwai hanya biyu ta haɗa su.

Ta farko ita ce haɗin jerin gwano. A nan hanya ɗaya ce tak, kwarara ta bi ta cikin ƙwai na farko, ta wuce na biyu, sa'an nan ta koma batir. Ana tara turjiyarsu wuri guda. Ƙwai biyu masu om 10 sun zama om 20. Da batirin bolt 3, kwarara ta zama 3 ÷ 20 = ampiya 0.15. Kowane ƙwai ya sami bolt 1.5 kawai, sai haskensu ya dushe. Babbar matsalar wannan haɗi ita ce, idan ƙwai ɗaya ya mutu, duka sun mutu. Waɗanda suka taɓa yi wa majami'a ado da tsofaffin fitilun Kirsimeti sun san wahalar: ƙwai ɗaya ya ƙone, igiyar duka ta yi duhu, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a gano mai laifin.

Ta biyu ita ce haɗin reshe-reshe. A nan kowane ƙwai yana da nasa reshe, mai hanyar zuwa da hanyar komawa. Kowanne yana samun cikakken bolt 3, yana jan ampiya 0.3, haske bai ragu ba. Amma batir yanzu yana ba da 0.3 + 0.3 = ampiya 0.6, saboda haka zai mutu da wuri. Turjiyar da'irar gaba ɗaya ta sauka zuwa 3 ÷ 0.6 = om 5. Ɗalibai da yawa sukan yi tuntuɓe a nan, suna cewa ta yaya za a ƙara ƙwai turjiya ta ragu? Ku tuna da fitowa daga sujada. Idan ƙofa ɗaya aka buɗe, jama'a sukan yi cunkoso. Idan aka buɗe ta biyu, fita takan yi sauƙi, ko da ƙofar ba ta fi ta farko faɗi ba.

Dukan gidajenmu, da azuzuwa, da ɗakunan kwana, haɗin reshe-reshe aka yi musu. Shi ya sa ake kashe fanka a bar fitila. Amma kada a manta: kowane abin da aka ƙara jonawa yana ƙara yawan kwararar da take bi ta babbar wayar da take ciyar da su duka.

DAGA MADATSAR RUWA ZUWA ƊAKINKA

A shekarar 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, turin lantarki yakan samu a cikin wayar. A kan wannan aka gina kowane janareta, daga ƙaramin da yake bayan shago har zuwa manyan injuna na madatsar Kainji, wadda aka gama a shekarar 1968 a kan Kogin Kwara, da ta Shiroro a kan Kogin Kaduna, wadda ta fara aiki a shekarar 1990. A can nauyin ruwa ne yake juya injin. A waɗansu tashoshi, kamar Egbin ta Jihar Legas, iskar gas ake ƙonawa, kuma irin waɗannan tashoshi su suke ba da mafi yawan wutar ƙasar. Hukumar NEPA da aka kafa a shekarar 1972 ta zama PHCN a shekarar 2005, a shekarar 2013 kuma aka miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni, ko da yake har yau tsohon sunan bai fita daga bakin jama'a ba.

Wutar batir gefe guda take tafiya. Ta janareta kuwa kai-da-kawowa take yi, ta je ta dawo sau 50 a kowace daƙiƙa. Amfanin wannan shi ne, taransifoma tana iya ɗaga turinta ko ta sauke shi. Daga tasha akan ɗaga shi har bolt 330,000, a sauke zuwa 132,000, sai 33,000, sai 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mai da shi na gida. Dalilin ɗagawar kuwa, idan turi ya yi yawa, kwarara kaɗan ta isa ta ɗauki ƙarfin, ba za a yi asararsa a kan hanya wajen zafafa waya ba.

A cikin gida za ku ga waya uku. Akwai waya mai wuta, launin ƙasa-ƙasa, a tsohon tsari kuwa ja. Akwai wayar komawa, shuɗiya, a tsohon tsari baƙa. Akwai kuma wayar ƙasa, mai kore da rawaya, ko kore zalla. Launi jagora ne kawai, kada a dogara da shi ɗari bisa ɗari, gama ba kowane mai haɗa waya yake bin ƙa'ida ba. Dole ne makunni ya kasance a kan waya mai wuta. Idan aka sa shi a kan wayar komawa, fitila za ta mutu, amma turin yana nan a mazaunin ƙwai yana jiran yatsan mai canja ƙwai.

Ga kuma maganar da ta fi kowace muhimmanci a wannan sashe: a gindin taransifoma, an haɗa wayar komawa da ƙasa. Saboda haka ƙasar da muke takawa ita ma hanyar komawa ce.

WAT, DA ZAFIN WAYA, DA FIYUS

A jikin kowane kayan lantarki akan rubuta yawan ƙarfin da yake ci, ana auna shi da wat, daga sunan James Watt na Sikotilan. Ana rubuta shi da harafin P:

P = V × I

Saboda haka I = P ÷ V. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan 1,000 ÷ 230, wato wajen ampiya 4.3. Hitar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan wajen ampiya 8.7. Su biyu kaɗai sun kai ampiya 13, wadda ita ce iyakar fulogi mai ƙafa uku irin wanda muka saba da shi. Idan aka ƙara risho na lantarki mai wat 1,500 a kan jonin guda, jimla ta zama wat 4,500, kwarara ta kusa ampiya 20.

Me zai faru? Waya za ta yi zafi. Kuma zafin ba a hankali yake hawa ba: idan kwarara ta ninka sau 2, zafi yakan ninka sau 4, idan ta ninka sau 3, zafi ya ninka sau 9. Roba ta narke, waya mai wuta ta taɓa wayar komawa kai tsaye ba tare da mai cin wuta a tsakaninsu ba. Wannan shi ne haɗewar waya. Turjiya ta kusa zama sifili, kwarara ta yi tashin gwauron zabi, tartsatsi ya faɗa kan katifa ko labule. Ta haka gobara da yawa suke tashi a kasuwanni da gidaje, musamman lokacin hunturu da kome ya bushe, ake kuma yawan dafa ruwan wanka.

Maganin wannan shi ne fiyus. Fiyus 'yar siririyar waya ce da aka sa a jerin gwano da waya mai wuta, aka yi ta da gangan ta zama mafi rauni a da'irar. Idan kwarara ta wuce iyaka, sai ta narke, ta yanke hanya kafin wayar gida ta kama. A gidaje da yawa yanzu akwai makunni mai faɗuwa da kansa da yake yin wannan aiki. Idan fiyus ya ƙone, aikinsa ya yi, yana faɗa muku akwai matsala. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa, ko kakkaurar waya, ko takardar azurfa ta kwalin taba, ya kori maigadi ne domin ya hana shi barci da kururuwa, ya bar ɓarawo a cikin gida.

Lissafin wat yana kuma taimakon aljihu. Abin da mita take ƙirgawa, wanda ake kira yunit, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Tsohon ƙwai mai wat 60, idan yana ci awa 10 kullum, a kwana 30 ya cinye yunit 18. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi kusan daidai da na wancan, yunit 2.7 zai ci. Ma'ajin ikilisiya ya duba wannan.

SA'AD DA MUTUM YA ZAMA WAYAR KOMAWA

Yanzu mu amsa tambayar tsuntsu. Tsuntsu yakan sauka a kan tsirarar waya da ƙafa biyu, amma waya ɗaya yake taɓawa, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa wata waya ba. Babu hanyar komawa ta jikinsa, saboda haka wuta ba ta da abin yi da shi. Mutum kuwa yana tsaye a kan ƙasa. Da zarar hannunsa ya taɓa waya mai wuta, da'ira ta cika: daga hannu, ta ƙirji, zuwa ƙafa, zuwa ƙasa, zuwa taransifoma.

Jikin mutum cike yake da ruwa mai gishiri, wanda yake ba lantarki hanya. Fata ce kaɗai katangarmu. Busasshiyar fata turjiyarta tana iya kai om 100,000, amma idan ta jiƙe da ruwa ko gumi takan sauka zuwa wajen om 1,000. Mu sa dokar Ohm. A bushe, 230 ÷ 100,000 ya ba da ampiya 0.0023, mutum ya ji fizga ya janye. A jiƙe, 230 ÷ 1,000 ya ba da ampiya 0.23, wato ninki 100.

Mene ne ampiya 0.23 a jikin mutum? Daga wajen ampiya 0.01 zuwa 0.02, tsokar hannu takan danƙare, mutum ya kasa sakin wayar, abin da muke cewa wuta ta riƙe shi. Daga wajen ampiya 0.05 zuwa 0.1, idan ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har ta daina tura jini. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana jan ampiya 0.26. Ashe kwararar da ba ta ko isa ta kunna ƙwai guda sosai ba ta isa ta ɗauke rai. Shi ya sa hitar da ake tsoma wa cikin bokiti take da hatsari ƙwarai. Kada wani ya sa yatsa ya ji ko ruwa ya yi zafi sai ya zare ta daga soket.

Aikin wayar ƙasa ke nan. An haɗa ta da jikin ƙarfe na firiji ko dutsen guga. Idan waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin, kwarara za ta bi ta wayar ƙasa da yawa, fiyus ya ƙone, maimakon ta jira hannun mutum. Wanda ya karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko ya bar wayar ƙasa tana reto, ya ba da jikin iyalinsa a madadinta.

Haka kuma mai jona janareta a gida ba tare da makunnin sauya layi ba. Wutarsa tana iya komawa kan layin gari, taransifoma ta ɗaga ta, ta kashe ma'aikacin da yake kan falwaya yana tsammani an ɗauke wuta. Masu amfani da hasken rana su ma su kula. Batirin bolt 12 ba ya jan mutum, amma idan sifana ta haɗa kawunansa biyu, kwarara mai ɗimbin yawa za ta bi ta ciki har ƙarfen ya yi ja. Wutar da take fita daga inbata kuwa bolt 230 ce, ba ta da bambanci da ta gari.

IDAN WUTA TA RIƘE MUTUM

1. Kada ka taɓa shi da hannu, domin kai ma za ka shiga da'irar.
2. Ka kashe babban makunni, ko ka zare fulogi.
3. Idan babu hali, ka tsaya a kan busasshen katako ko roba, ka ture shi da busasshiyar sanda.
4. Idan babbar waya ce ta faɗo daga falwaya, kada ka matsa kusa ko da sanda. Ka hana jama'a zuwa, a sanar da ma'aikatan wuta.
5. Idan ba ya numfashi, wanda ya iya taimakon gaggawa ya fara danna masa ƙirji nan da nan, a kuma nemi mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti.
6. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa sai an yanke wutar. A yi amfani da yashi.

GWAJI DOMIN HUTU

Gani ya kori ji. Ku nemi batirin tocila biyu, da ƙaramin ƙwan tocila, da gutsuren waya uku. Ku haɗa da'ira, ku bar giɓi tsakanin bakin waya biyu. Ku riƙa sa abubuwa a giɓin ɗaya bayan ɗaya: mabuɗi, cokali, ƙusa, tsinke, roba, takarda, da ɗan guntun bakin fensir. Ku rubuta wanda ya kunna ƙwai, da wanda bai kunna ba, da wanda ya ba da haske dishi-dishi, ku kawo wa malaminku. Wannan gwaji da batirin tocila kaɗai ake yinsa. Kada kowa ya kusanci soket da sunan gwaji.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. An haɗa ƙwai mai om 24 da batirin bolt 12. Kwarara nawa ce?
2. Ƙwai biyu masu om 6 kowanne, a kan batirin bolt 12. Nemi jimlar kwarara a haɗin jerin gwano, da kuma a haɗin reshe-reshe.
3. Risho mai wat 1,500 a kan bolt 230, fiyus mai ampiya 5 ya dace da shi ko mai ampiya 13?
4. Majami'a tana da ƙwai 20 masu wat 60, an kunna su awa 4. Yunit nawa suka ci? Idan masu wat 9 ne fa?
5. Bayyana abin da zai sami tsuntsun da ya buɗe fikafikai ya taɓa waya biyu lokaci guda.

Amsoshi: (1) ampiya 0.5, (2) ampiya 1 da ampiya 4, (3) mai ampiya 13, domin rishon yana jan wajen 6.5, (4) yunit 4.8 da yunit 0.72. Ta biyar mun bar muku.

KAMMALAWA

Allah mai tsari ne, ya kuma kafa wa halittarsa dokoki waɗanda ba sa canjawa. Dokar da take kunna tocilar ɗan aji ɗaya ita ce take aiki a injunan Kainji. Ba ta duban fuska, ba ta san babba ko yaro ba. Ya ba mu hankali domin mu san waɗannan dokoki, mu yi aiki da su, mu kuma kiyaye ran maƙwabcinmu kamar namu.

Saboda haka, ɗalibai, idan kun isa gida hutu, bayan gaisuwa ku zagaya da idon ɗan kimiyya. Ku duba soket ɗin da ya yi baƙi, da wayar da aka ɗaure da leda, da jonin da aka cika wa kaya, da abin da aka sa a gurbin fiyus. Ku faɗa wa Baba da Mama cikin ladabi, ku nuna musu lissafin. Kada ku ce za ku gyara da kanku, a kira ƙwararren mai aikin lantarki. Dattawan ikilisiya kuma muna roƙonku a sa wanda ya san aiki ya duba wayoyin majami'a da na gidan fasto kafin bukukuwa. Rigakafi ya fi magani.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya dawo mana da ku lafiya a sabuwar shekarar karatu. Amin.